Ruwan Shuka a Takardar Ƙosai

Aikin da na yi a masaƙa ba kowa ne ya san akwai irinsa ba. In na ce wa mutum ni akawu ne a sashen kaɗi, sai ya ɗauka dilolin auduga nake ƙirgawa. A'a, iska nake aunawa. Zare abu ne mai tsirfa. In iskar ɗakin kaɗi ta bushe sai ya yi ta tsinkewa, in danshi ya yi yawa sai ya riƙa liƙe wa inji. Shi ya sa aka rataye ma'aunin zafi guda biyu a jikin ginshiƙi, ɗaya haka nan, ɗaya an naɗe masa gindi da jiƙaƙƙen tsumma. Sau uku a yini nake zuwa in karanta su in rubuta a wani dogon littafi mai baƙin bango. A farfajiya kuma, bayan ɗakin tukunyar tururi, akwai wani gwangwanin jan ƙarfe mai mazurari a ka. Kullum ƙarfe bakwai na safe sai in juye ruwan saman da ya taru a ciki cikin wata kwalba mai zane-zane, in rubuta yawansa a layin ƙarshe na shafin. Wani dattijo ne ya koya mini, shi ke yi tun kafin a ɗauke ni, da ya yi ritaya na gaje shi, na shekara goma sha tara a kai. Ban taɓa ganin wanda ya buɗe littafin don ya duba layin ruwan nan ba. Danshin ɗaki kawai manaja ke tambaya.

Da aka rufe masaƙar tamu ta Kakuri, kowa ya kama gabansa. Wasu suka koma garuruwansu, wasu suka hau acaɓa. Ni da abokina muka kama noma. Shi mutumin kudancin jihar nan ne, Kirista, shi ke gyaran injinan sashenmu, don haka nake ce masa Injiniya, shi kuma ya ce mini Akawu, har yau ba mu canja ba. Ina zaune a Makera, shi yana Kudenda. A can bayan unguwarsu, kan wani ɗan tudu da ke kallon kogi, muka samu aron fili muka haɗa hannu muna shuka masara.

Shekaru da dama muna samun na sawa a bakin salati. Sai damina ta yaudare mu sau biyu a jere. Ruwa ya sauka da ƙarfi a ƙarshen Afrilu, ƙasa ta yi laushi, muka yi huɗa muka shuka. Tsiro ya fito kore shar. Daga nan sama ta ɗauke cak. Mako biyu, mako uku, hadari ya haɗu da yamma ya yi ta rugugi, iska ta watsa shi. Muna ji muna gani ganyen ya nannaɗe ya koma kamar tsinken tsintsiya. Muka sake shuka da irin da ba mu yarda da shi ba. Shekara ta zagayo, aka maimaita mana.

Ranar da muka tsaya a kan gonar karo na biyu, Injiniya ya tsinko wani busasshen tsiro ya murje shi a hannu ya ce, "Akawu, duniya ce ta canja. Da ba haka ruwa yake ba. Ruwan farko ya sauka, ka shuka, shi ke nan, sai noma."

Na ce, "Ni ma haka nake tunawa."

"To, me ya rage?"

"Ban yarda da tunanina ba ne. Kamar ina tuna hannuna yana rubuta sifili, sifili, sifili a cikin watan Mayu. Amma wace shekara, kwana nawa, ban sani ba."

Ya yi dariya ya ce ai littattafan nan gara ta daɗe da yin walima da su. Ni ma haka na zata, na bar zancen.

Bayan an yi girbi, wata safiya zan tafi gona kwasar kara, na tsaya wajen wata mai ƙosai a bakin titinmu. Ta miƙa hannu ƙarƙashin benci ta yago takarda, ta zuba mini, ta barbaɗa yaji. Ina tafe ina ci, sai idona ya faɗa kan lambobin da mai ya fara jiƙawa. Na ga lamba bakwai mai ɗan sanda a tsakiya. Haka dattijon nan ya koya mini rubuta ta, don kada ta yi kama da ɗaya. Na juye ƙosan a aljihun riga, ko tunanin mai ban yi ba, na ware takardar. Rubutuna ne. Tara ga Yuni, danshin safe, danshin rana, danshin yamma, ga ruwa a layin ƙarshe.

Na koma da sauri har tana tambaya ko ƙosan ne bai soyu ba.

Na ce, "Hajiya, ina kika samo wannan takardar?"

Ta jawo littafin ta nuna mini. Baƙin bangon na nan, amma kashi biyu cikin uku na cikinsa sun riga sun bi ƙosai. Ta ce wajen wani Alhaji mai sayar da tsofaffin takardu da buhuna a kasuwar Kakuri take saro su. Na roƙe ta ta bar mini ragowar.

Ta ce, "To Malam, ni da me zan ƙunsa wa mutane? A tafin hannu zan zuba musu?"

Na ce ta ba ni minti goma. Na je gida na kwaso tsofaffin jaridu da littattafan makarantar 'ya'yana da suka daɗe da gamawa, na kawo mata tuli. Ta duba ta ga ta ci riba, ta miƙo mini littafin tana kallona kamar wanda ya fara taɓuwa. Ranar ban je gona ba.

Rumfar Alhajin tana can ƙuryar kasuwa, cike da takardun buhun siminti da kwalaye har rufi. Na nuna masa bangon, nan take ya gane. Ya ce an share wani sito ne aka fito da su, ya saya a dunƙule, sun kai talatin ko fiye. Ya sa hannu ƙarƙashin wani tari ya zaƙulo guda shida da ba a taɓa ba. Sauran sun shiga gari.

Na ce, "Alhaji, wa da wa ka sayar wa?"

Ya dube ni ya ce, "Wai me za ka yi da ruwan da ya riga ya sauka ya wuce? Ko za ka mayar da shi sama ne?"

"So nake in san ko tun can ma yana yi mana irin abin da ya yi mana bana."

Ashe shi ma yana da gona a garinsu, kuma ta ƙone. Ya fara lissafo mini abokan cinikinsa da ka: mai tsire a mahaɗar hanyar Nasarawa, masu gyaɗa biyu a Unguwar Mu'azu, wata mai awara kusa da tashar mota, wani mai shayi da ke naɗe burodi. Ya ce in gaya musu shi ya aiko ni.

Ranin nan gaba ɗaya a kan hanya na yi shi. In ɗaure jaridu a bayan keke in fita da hantsi, in bi su ɗaya bayan ɗaya ina musaya. Mai tsiren ya riga ya cinye nasa biyu, ko shafi bai rage ba. Mai awara ta ba ni rabin littafi. Ɗaya daga masu gyaɗar ta riga ta yayyanka nata ƙanana ta nannaɗe su kamar mazurari, na zauna a ƙofar gidanta ina warware su ɗaya-ɗaya ina sake naɗa mata da jarida, matan gidan na leƙe suna ƙus-ƙus. Mai shayin ya ƙi ni sau biyu. Ya ɗauka wani asiri ne a ciki, tunda dattijo kamata ba zai yi ta zarya a kan takardar banza ba. A zuwa na uku na buɗe masa shafi na karanta masa, na ce ga ranar da aka yi ruwa kaza, ga ranar da ba a yi ba. Ya ce, "Shi ke nan abin da ke ciki?" Na ce shi ke nan. Ya ba ni, har ya haɗa mini shayi.

Maiɗakina da farko ta yi mita, don falonmu ya koma warin tsohon mai da yaji. Da ta ga ba fasawa zan yi ba sai ta ɗauko dutsen guga. Ita ke shimfiɗa tsumma a kan shafukan da suka cukurkuɗe ta goge su su miƙe, ni kuma ina jerawa. Waɗanda mai ya jiƙa sosai sai na ɗaga su ga hasken rana kafin lambobin su fito. Wahalar ita ce a bango kawai muke rubuta shekara, a shafi kuwa sai rana da wata. Saboda haka shafin da ya rabu da bangonsa ya zama maraya. Na gane cewa in shafi ya ce Litinin uku ga Mayu, ba kowace shekara ce ukun Mayu ke faɗawa Litinin ba, sai in ware shekarun da suka dace, sannan in duba launin tawada da sa hannun sufabaizan da ke kan aiki lokacin. Da haka na mayar da marayu da yawa gidajensu. Wasu kuwa har yau suna cikin wata leda, ban san inda zan sa su ba.

Da na fara kwafe layin ruwa a sabon littafi, sai na ga abin da ya sa ni tashi tsaye. A shekarun dattijon da ya koya mini aiki, lambobin ƙanana ne ƙwarai. Inda ni nake rubuta talatin ko arba'in, shi ɗaya da ɗigo biyu yake rubutawa. Na hau keke har Kudenda na iske Injiniya yana wasa fartanya a ƙofar gida.

Na ce, "Ka ga abin mamaki. Ashe a zamanin da fari ake yi ba mu sani ba. Dubi Agusta guda, duk ruwansa bai kai na kwana ɗaya a zamanina ba."

Ya karɓa ya duba, ya duba, sai ya fashe da dariya har da tari. Ya shiga ɗaki ya fito da sifana guda biyu ya ajiye mini a cinya.

"Karanta abin da ke jikin wannan."

"Rabin inci."

"Wannan fa?"

"Goma sha uku."

"To bakinsu kusan ɗaya ne. Tsofaffin injinanmu da inci suka zo, sababbin da milimita. Kwalbarku ma canja ta aka yi, Akawu. Tsohon da inci yake aunawa."

Kunya ta kama ni, don da ya faɗa sai na tuna tsohuwar kwalbar, har da tsagewar da ke bakinta. Ya koya mini cewa inci ɗaya milimita ashirin da biyar ne da 'yar ɗoriya. Na koma na bi shekarun tsohon layi-layi ina juyawa. Mako uku ya ɗauke ni. Tun daga ranar Injiniya ya daina yi mini dariyar aikin, ya riƙa zuwa Makera ranar Asabar, shi yana karanto lamba ni ina rubutawa.

A irin wannan zaman ne muka iso watan Mayu na shekarar da aka haifi 'yata ta fari. Yana karantowa: "Biyar. Sifili. Goma. Biyar. Sifili. Goma." Sai ya tsaya ya ce, "Wannan ruwan ya iya lissafi. Ko ɗigo babu."

Gaskiya ya faɗa. Ruwan gaske ba ya zuwa cif-cif. Bakwai da ɗigo huɗu yake zuwa, ko ashirin da uku da ɗigo ɗaya. Na karɓi shafin na ƙura masa ido, abin ya dawo mini. Haihuwar ta zo da tangarɗa, aka kwantar da maiɗakina a asibiti kusan mako biyu. Ina kwana can, in iso aiki a makare, ban ko leƙa bayan ɗakin tukunya ba. Da ta samu sauƙi na ga layin ruwa fayau babu komai, na ji tsoron kada sufabaiza ya gani, na zauna na cike shi da ka a zama ɗaya. Na ce a raina wa zai taɓa dubawa.

Ga shi ni ne na zo dubawa, kuma a daidai kwanakin da na fi bukata.

Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta ce in bar shi haka. Kwana goma sha biyu ne kacal a cikin shekaru masu yawa. Na ɗaga murya na kira maiɗakina daga kicin na ce, "Lokacin da kike kwance a asibiti, an yi ruwa?"

Ta fito tana goge hannu da zani ta ce, "Ruwa? Ko yayyafi. Zafi kamar a gasa mutum. Ba a lokacin ne aka fita roƙon ruwa ba, har ka ce ba ka samu zuwa ba?"

Na gaya musu abin da na yi. Injiniya ya ce, "To, soke shi." Na ɗauki jan biro na ja layi a kan kwana goma sha biyun, na rubuta a gefe da manyan baƙaƙe: ban auna ba. Daga nan na daina yarda da kowane shafi don kawai an rubuta shi. Na koma farko na bi duk littattafan ina neman lambobin da suka cika kyau. Na samu nawa a wuri biyu kuma. Na samu na wanda ke riƙe mini aiki in na tafi hutu, shi kusan duk hutuna haka ya yi. A na tsohon kuwa ban samu ko ɗaya ba. Inda bai auna ba, ɗan layi yake ja ya bar wurin. Allah ya jiƙansa.

Maganar roƙon ruwan nan ta tsaya mini a rai. Ba a fita roƙon ruwa sai an yi shuka sannan ruwa ya ɗauke, wato daidai abin da nake nema. Bayan sallar azahar na tambayi limamin masallacinmu ko akwai wanda ke riƙe da ranakun da aka taɓa fita. Ya ce mahaifinsa, wanda ya riga shi limanci, yana da al'adar rubuta abubuwa a fararen shafukan ƙarshen littattafansa: haihuwa, rasuwa, ganin wata. Ya ce in dawo gobe.

Washegari ya fito da wata gafaka a zaurensa. Da ajami marigayin ya yi rubutun, ƙanana kamar sawun tururuwa, ni kuwa ajamina bai taka kara ya karya ba, sai liman ke karantawa ina rubutawa da boko. Tsakanin haihuwar wane da rasuwar wance sai a ci karo da layi: mun fita roƙon ruwa ranar kaza, mun sake fita ranar kaza, Allah ya shayar da mu ranar kaza. Wuri bakwai muka samu.

Amma da watannin Musulunci ya rubuta, ni kuwa littattafaina da na boko suke. Liman ya ce, "Malam, kowace shekara kwana goma sha ɗaya take ja baya. Ka samu rana ɗaya da ka tabbatar da ita a duka biyun, sai ka ƙirga daga nan." Ranar da na tabbatar ita ce ta sunan 'yata, don marigayin ne ya raɗa mata suna, kuma ya rubuta. Daga nan na yi ta ƙirge gaba da baya. Na san za a iya samun kuskuren kwana ɗaya ko biyu, na rubuta hakan a gefe. Fitar da maiɗakina ta tuna tana nan a ciki. Ranar da jama'ar Makera suka fita fili suna roƙon Allah, ni na rubuta an yi ruwa milimita goma. Liman ya ga na daina rubutu ya tambaye ni, na gaya masa. Ya ce, "Ai ka gyara. Wanda ya gyara ya fi wanda ya binne." Uku daga cikin bakwai ɗin kuma sun faɗa shekarun da littattafansu suka ɓace gaba ɗaya, ka ga na samu ɗan haske a inda da babu komai.

Kafin bazara na samu babban kwali na zana layuka, kowace shekara layi ɗaya, daga farkon Afrilu zuwa ƙarshen Yuni. Ranar ruwa in sa shuɗin ɗigo, babba ko ƙarami gwargwadon yawansa. Abin da na samo daga liman in sa da fensir. Inda ban sani ba in bar fari. Da na gama, ni da Injiniya muka jingine shi da bango muka ja baya muna kallo.

Ba sai an yi wa mutum bayani ba. A layuka da yawa ga babban ɗigo a ƙarshen Afrilu, sai dogon fili, sannan ɗigogi su dawo a jere. Har a zamanin tsohon akwai su.

Injiniya ya daɗe yana kallo ya ce, "To me ya sa ba mu tuna ba?"

Na ce, "Muna cikin masaƙa. Ruwa ya ɗauke ko bai ɗauke ba, inji na juyawa."

"Amma yanzu ya fi muni."

"Mai yiwuwa ne. Ba zan ce e ba, ba zan ce a'a ba. Tun da aka rufe masaƙa ba wanda ya auna mana a nan. Da me zan gwada?"

Bai ji daɗin amsar ba, amma bayan kwana biyu ya zo mini da guntun bututu da ya toshe wa gindi ya liƙa wa mazurari. Muka kafa shi a tsakar gidana, nesa da indararo, na koma aunawa ƙarfe bakwai.

Abin da na lura da shi a kwalin shi ne, in aka wuce tsakiyar Mayu sannan aka yi ruwa mai nauyi sau biyu a cikin mako guda, da wuya a sake samun dogon fili bayansa. Na ce bana sai mun ga haka za mu shuka. Injiniya ya ce shi ba zai zauna yana kallon ƙasa jiƙe ba saboda takardar ƙosai. Muka yi ta ja, har muka raba gonar biyu: gabas a shuka da ruwan farko, yamma a jira.

Shekarar nan ruwa bai ɗauke ba ko kaɗan. Masarar gabas ta kai gwiwa, tawa ta yamma ba ta ko tsiro ba. Akwai wata dattijuwa da gonarta ke maƙwabtaka da tamu, tana noma gyaɗa da kuɓewa, kowa Mama yake ce mata. Kullum ta wuce sai ta ce, "Akawu, yau littafi ya ba da izini, ko sai gobe?" Sauran manoma su kwashe da dariya. Da kaka ɓangarena ya yi, amma bai kai na gabas ba. Injiniya ya ce to yanzu fa? Na nuna masa kwalin na ce ai ga irin wannan shekarar nan a ciki, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ban ce kullum yake ɗaukewa ba. Na ce a sake rabawa baɗi. Ya yi tsaki, amma ya yarda.

Da shekara ta zagayo, ruwa ya sauka ƙarshen Afrilu kamar da bakin ƙwarya, kowa ya shuka. Sai ya ɗauke. Na ƙirga a bututuna, kwana goma sha tara babu ɗigo. Gabas ta ƙone, gyaɗar Mama ta ƙone. Irina yana cikin buhu a ɗaki. Da ruwa ya dawo ya yi sau biyu a mako, muka shuka yamma, ragowar irin muka sake shuka gabas da shi, muka ɗiba wa Mama kwano guda ta zuba a inda gyaɗarta ta mutu. Ban yi wa kowa gori ba, don na san shekara mai zuwa tana iya juyawa kaina.

Bayan an gama noman farko, ina zaune ƙarƙashin mangwaron bakin gona, Mama ta zo ta tsaya a kaina ta ce, "Wai ina takardar nan taka? Kawo in gani."

Washegari na naɗo kwalin a bayan keke na shimfiɗa mata a ƙasa, muka danne gefunansa da duwatsu. Ta ce ita ba ta yi boko ba, in karanta mata. Na bi layukan ina gaya mata. Ta sa yatsa a kan wani layi da ke fari tun daga farko har ƙarshe.

"Nan fa? Ba a yi ruwa ba ne?"

"An yi, Mama. Littafin ne mai tsire ya cinye."

"Wace shekara ce?"

Na gaya mata, na ƙara da cewa shekara biyu ke nan kafin a ɗauke ni aiki. Ta ƙirga da yatsu tana motsa baki, ta ce, "Ai shekarar aurena ce. Asabar ta biyu bayan Ista aka ɗaura. Ruwa ya kore mu daga filin coci, rumfa ta faɗi a kan tukwanen shinkafa. Daga ranar kuwa ba a sake yi ba sai da na yi wata guda cur a ɗakina. Na sani don surukata ta ce ni na zo da farar ƙafa, na yi ta kuka."

Na ce, "Kin tabbata wata guda?"

"Wanda aka zaga ai ba ya mantuwa. Kuma mijina ya rubuta ranar auren a bangon littafin waƙoƙinsa na coci, yana nan a akwatina. In kana so ka zo ka gani."

Na ciro fensir daga aljihu na durƙusa a kan kwalin. Na ce ta sake faɗa mini a hankali, tun daga rumfar. Ta gyara zama a kan tushen mangwaron, ta ajiye fartanyarta, ta fara.